GIDAN ZOO DA DAJIN DA YA HAIFE SHI: WAIWAYE A KAN TARIHIN RIƘON NAMUN DAJI A ƘASARMU

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun firamare a garinmu daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa sama, da wuya ya manta da ranar da aka ɗebi 'yan ajinsu a bayan babbar mota aka nufi birnin Kano domin ziyartar Gidan Zoo. Tun da asuba ake shiri, iyaye mata su cusa wa yaro ƙuli-ƙuli da 'yan kwabbai a aljihu, malamai kuma su yi ta ƙirga kawuna kada a bar wani a baya. A wannan rana ce yawancinmu muka fara ganin zaki ido da ido, muka ji gurnaninsa ya ratsa mana ƙirji, muka dawo gida muna ba da labari har tsawon mako guda.

Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, kakanninmu da muke ba wa wannan labari ba su taɓa buƙatar shiga mota ba kafin su ga kura ko barewa ko gwanki. A bayan gonakinsu suke ganinsu. Mu sai da muka biya kuɗin ƙofa, 'ya'yanmu kuwa da yawansu a talabijin da wayar hannu kawai suka san kamanninsu. Wannan sauyi ya auku ne a tsawon rayuwar mutum guda. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa ta bana mu waiwayi tarihin, mu ga yadda dabbar daji ta koma keji, da irin haƙƙin da ya rataya a wuyanmu game da wadda ke cikin kejin da kuma 'yar'uwarta da ta rage a daji.

Kafin Zuwan Keji

Harshenmu shi ne shaida ta farko a kan kusancin Bahaushe da namun daji. Idan za a yabi sarki, sai a kira shi zaki ko toron giwa. Idan za a gargaɗi mai girman kai da ya je baƙunta, sai a ce giwa a garin wani zomo ce. Wanda ya sha wuya kafin ya samu abu, a ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A tatsuniyoyin da aka yi mana a dandali, zaki ne sarkin dawa, dila malamin daji, kura kuwa ga kwaɗayi ga tsoro. Mutanen da suka tsara waɗannan maganganu sun zauna da dabbobin ne har suka san halin kowace.

Farauta ma tana da tsarinta. A garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Dawa ko Sarkin Baka, wanda mafarauta ke bin umarninsa. Babbar farauta ta gayya da rani ake yinta, bayan an kawar da amfanin gona, da damina kuwa kowa na gona, ciyawa ta rufe daji, dabbobi su samu sararin hayayyafa. Makamin mafarauci galibi kwari da baka da tarko da kare ne, don haka abin da yake iya kashewa yana da iyaka.

Namun daji sun shiga har cikin kayan sarauta da fatauci. Tarihin Kano ya danganta figini da takalman gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau ana ganinsu a hawan Sallah. A ƙarshen ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, daga can kuma a wuce da shi kasuwannin Turai.

Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Gardawa masu wasa da kura da biri da maciji su ne suka fara kawo dabbar daji cikin gari domin kallo, kuma kowa ya san irin riƙon da ake yi mata, da takunkumi da sarƙa da kulki. Karin maganar da ke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ta isa ta nuna cewa tun a wancan zamani mutane sun ga rashin adalcin da ke cikin al'amarin. Yana da kyau mu riƙe wannan karin magana, domin ita ce ma'aunin da za mu auna kowane gidan ajiye dabbobi da shi.

Yadda Daji Ya Fara Yin Shiru

Babbar girgiza ta farko ta zo ne a farkon shekarun 1890, lokacin da annobar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta shafe garkunan shanu, ta kuma haɗa da ɓauna da wasu dabbobin daji masu kofato. Bayan haka sai zamanin Turawa ya kawo nasa sauyin. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka shiga sharar daji suna faɗaɗa gonaki, har aka kai ga dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Arzikin da ya tara waɗannan buhuna shi ne kuma ya cinye mazaunin barewa da gada. Bindiga ta yawaita a hannun mafarauta, jama'a suka ƙaru, buƙatar itacen girki ta ƙaru, sannan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya turo makiyaya da dabbobinsu cikin sauran dazuzzukan da suka rage.

Hukumomi sun yi yunƙurin taka birki. A 1916 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji, a 1963 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar, wadda ta hana kashe wasu dabbobi ta kuma wajabta lasisi a kan wasu. A 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauci, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A ƙasar Kano kuwa, tun a shekarun 1940 aka keɓe gandun dajin Kogin Kano, wanda a shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa zuwa wurin kare namun daji, aka san shi da sunan Falgore. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, ya taɓa ƙasashen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila.

Audu Bako da Gidan Zoo na Kano

A watan Mayu na 1967 aka raba Nijeriya zuwa jihohi 12, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnan farko na Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu. Marigayin, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son noma da ruwa da itatuwa. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma ruwan Tiga ɗin daga Kogin Kano yake zuwa, kogin da ya ratsa ta dajin Falgore. Wanda ya fahimci haka zai ga cewa kare dajin da gina madatsar aiki ɗaya ne, domin idan aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa a saman kogi, yashi da laka ne za su cike madatsar da ke ƙasa.

A cikin wannan yanayi aka buɗe Gidan Zoo na Kano a 1972, a fili mai faɗin sama da hekta 40. Ba shi ne na farko a Nijeriya ba. Jami'ar Ibadan ta fara tara dabbobi tun 1948, Jos ta samu nata a shekarun 1950, Maiduguri ta samu wurin shaƙatawa na Sanda Kyarimi a 1970, sannan a 1972 Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa wani babban wurin namun daji a Jos. Zamani ne na kuɗin man fetur da ƙwarin gwiwa, kowace sabuwar jiha na son ta nuna cewa ita ma ta isa. Amma na Kano ya yi suna wajen yawan itatuwa, har titin da ya wuce ta gabansa ya ɗauki sunansa, kuma daga baya aka sanya wa gidan sunan wanda ya kafa shi. Audu Bako ya bar mulki a 1975, ya rasu a 1980.

A lokacin da aka gina shi, wurin bayan gari ne. A hankali birni ya bi shi ya kewaye shi da gidaje da shaguna da hayaniyar ababen hawa, har a 2020 gwamnatin jiha ta yi maganar mayar da shi yankin Tiga saboda cunkoso. Ko ma mene ne ra'ayin mutum a kan wannan batu, ya kamata a tuna cewa gidan na cikin 'yan wuraren da suka rage a tsakiyar Kano inda talaka zai zauna a inuwar manyan itatuwa da iyalinsa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa ranar Sallah ya ga yadda ake cin kasuwar ƙofa.

Abin da Riƙon Dabba Ke Buƙata

Gina keji abu ne na shekara guda, ciyar da wanda ke cikinsa kuwa aiki ne na kullum. Babban zaki na buƙatar nama kilo 5 zuwa 7 a kowace rana, kuma a tsare yana iya kaiwa shekara 20. Giwa na cin ganye da ciyawa kimanin kilo 150 a yini, ta sha ruwa sama da lita 100. Dorina sai da tafki, jimina sai da filin gudu, gwaggon biri sai da 'yan'uwa, domin dabba ce mai zama cikin garke. Bayan abinci akwai likitan dabbobi da rigakafi da maganin tsutsar ciki, akwai keɓe sabuwar dabba na 'yan makonni kada ta shigo da cuta, akwai wanke keji da gyaran ƙofofi da makullai. Haka kuma akwai rubuta asalin kowace dabba da musanya maza tsakanin gidaje, saboda idan 'yan gida ɗaya suka yi ta barbarar juna, zuriyar kan raunana.

Akwai kuma lafiyar da ba a gani da ido. Sau da yawa mukan ga zaki ko kura na kai da komo a gaban keji ba tsayawa, yara su ɗauka wasa take yi. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa wannan alama ce ta ƙunci da rashin abin yi. Shi ya sa gidajen zamani suka koma ga faɗaɗa wuri, da sanya duwatsu da kututture da maɓoya, da ɓoye abinci domin dabbar ta neme shi kamar yadda za ta yi a daji.

Duk waɗannan kuɗi ne, kuma tun daga karyewar farashin mai a farkon shekarun 1980 da matakan tsuke bakin aljihu na 1986, gidajen dabbobi na gwamnati a faɗin ƙasar nan suka shiga sahun ƙarshe wajen rabon kasafi. Wasu daga cikinmu sun taɓa ziyartar wani irin wannan gida a wata jiha, muka tarar da kejuna da yawa babu kowa sai allon suna, kwamin ruwa ya yi gansakuka, wata kura kuma ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ma'aikacin da ya zagaya da mu dattijo ne mai son aikinsa, ya san kowace dabba da halinta, amma abin da ba a ba shi ba ba zai iya bayarwa ba. Mu kanmu masu ziyara ba mu kuɓuta daga laifi ba. Mukan jefi dabba da dutse don ta tashi mu ɗauki hoto, mu miƙa wa biri alewa, mu yar da leda barewa ta haɗiye ta toshe mata ciki.

Hatsarin aikin ma ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2015 wani zaki ya kuɓuce a wurin namun daji na Jos, aka ƙare da harbe shi. A watan Oktoba na 2019 wani ya fita daga kejinsa a Gidan Zoo na Kano, hankalin mazauna unguwannin kusa ya tashi na kusan kwana biyu, kafin a samu mayar da shi da ransa. A watan Janairu na 2020 kuma hotunan wasu zakuna da yunwa ta rame da su a wani wurin shaƙatawa na birnin Khartum suka bazu a duniya. Abin koyi a labarin Sudan shi ne, mutanen gari ne suka fara tashi, suka riƙa kai nama da magani da kuɗin aljihunsu, kafin likitoci daga ƙasashen waje su iso. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai, ya ɗauki nauyin cikinsa.

Daga Keji Zuwa Daji

To, idan riƙon yana da wuya haka, mene ne amfaninsa? Amsa mafi ƙarfi tana maƙwabciyarmu Chadi. Akwai wata farar dabba mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, wadda Hausawa ke kira mariri, da fatarta Buzaye ke yin garkuwa. A da tana yawo garke-garke a bakin Sahara, ciki har da Nijar da Chadi. Farauta da mota da bindiga, da fari, da yaƙe-yaƙe suka ƙarar da ita, har a shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai lura da halin da halittu ke ciki a duniya, ta bayyana cewa babu sauranta a daji. Amma akwai waɗanda aka kama a Chadi a shekarun 1960 aka kai gidajen zoo na Turai da Amurka, aka yi ta kiwonsu ana rubuta zuriyarsu. Daga jikokinsu aka tara garke a Abu Dabi, a 2016 aka fara sakinsu a gandun dajin Wadi Rime da Wadi Ashim da ke tsakiyar Chadi. Suka hayayyafa suka kai ɗaruruwa, a watan Disamba na 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Ba don masu share keji da masu kai ciyawa na tsawon shekara 50 ba, da sai dai a ga ƙahonta a gidan tarihi.

Darasi na biyu yana Nijar, kuma ya nuna cewa kare dabba a gidanta ya fi sauƙi. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma a da yana yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, arewacin Nijeriya na cikin mazauninsa. Zuwa 1996 guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsaurara hana farautarsu, ƙungiyoyi suka tallafa wa ƙauyukan da ke zaune da su da rijiyoyi da rancen sana'a, matasan yankin suka zama masu yi wa baƙi jagora. Manomin da raƙumin dawa ke ci wa wake ya ga ranar haƙurinsa. A cikin shekara 25 adadinsu ya haura 600, a 2018 ma aka ɗauki guda 8 aka kai gandun dajin Gadabeji da ke Jihar Maraɗi domin a kafa garke na biyu.

A gida Nijeriya, Yankari ya ga sauye-sauye. Ya zama gandun daji na tarayya a 1991, ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye 348, amma masu neman haure suka rage su ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka, aka horar da masu gadin daji, aka ba su kayan aiki da alawus na sintiri, kuma daga 2015 aka yi shekaru ba a samu gawar giwar da aka kashe don haure ba. Zaki kuwa, binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a Nijeriya kuma a Yankari da Kainji kaɗai aka tabbatar da su. Namu Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu da masu saran itace da gawayi, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wurare 10 da ta amince a mayar gandayen daji na ƙasa.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, wannan tarihi ya nuna mana cewa an gina Gidan Zoo ne a lokacin da daji ke da sauran albarka, domin ɗan birni ya leƙa ya ga abin da ke can. Yau ga wasu dabbobin, kamar zaki da jimina da gauraka, ya fi sauƙi a gan su a keji da a gan su a dajin ƙasar Kano. Don haka ba za mu iya raba kula da na tsare da kare na sake ba.

Abin da ke hannunmu ba ya buƙatar jiran gwamnati. Za mu iya farfaɗo da ziyarar 'yan makaranta, tare da malamin da zai yi musu bayani ya kuma hana jifa da zubar da leda. Masu hali a cikinmu za su iya tuntuɓar hukumar gidan dabbobi mafi kusa su ɗauki nauyin abincin dabba guda na wata ɗaya, ko gyaran keji guda. Za mu iya daina sayen ɗan biri da ɗan barewa da gauraka a bakin hanya, domin sayen ne ke mayar da mai kamawa daji. Za mu iya zama da mafarautanmu da masu unguwanni a kan cinna wa daji wuta da farautar damina, mu kuma ƙarfafa wa yaranmu masu hazaƙa gwiwar karatun likitancin dabbobi da kimiyyar gandun daji.

Kakanninmu sun bar mana karin magana a kan giwa da zaki saboda sun gan su da idonsu. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, yadda jikokinmu idan suka ji an kira sarki toron giwa za su san abin da ake nufi, ba sai an nuna musu hoto ba. Amin.